Mage Ta Sha Wata

Bakwai da rabi, a Geben Zogi,
ɗan kabu-kabu na tsayawa ƙofarmu,
in ɗora masa Ubaida, 'yar shekara biyar,
da jakar da ta fi bayanta faɗi.
Ubanta Illa yana Abijan yana tura amalanke,
duk wata ya aiko jikka goma sha biyar.
Ya ce, Inna, lakwal mai baki biyu nake so,
Faransanci da hantsi, Ingilishi bayan azahar,
kar ta tsaya gaban ɗan duwan
tana nuni da yatsa kamar ni.

Ni da allin kaɗi kaɗai na sani,
yanzu ɗaliba ce a tsakar gidana.
Tana jera ni da akuya da turmi,
ta ɗauki muciya, ta zama Madam Fasuma.
Ta nuna magenmu, ta ce wannan sunanta sha.
Na ce, sha me?
Ta nuna randa, ta ce a bakin Mista Yakubu
abin da ke ciki sunansa wata.
To, Allah mai iko.
Daren nan mage ta sa baki a kwatanniya,
farin wata na kwance cikin ruwan,
na ce, ga karatunku can, mage ta sha wata.
Ta yi dariya har ta shaƙe da kopto.

Ran Talata ta dawo ba waƙa.
Ta ƙi fura. Ta ƙi cire takalmi.
Sai bayan isha, fuskarta cikin zanena, ta faɗa:
Madam ta ce kowa ya faɗi abin da ya fi so,
wani ya ce balo, wata ta ce yawur,
ita ta miƙe ta ce, kaka.
Aji ya fashe.
Ashe a Faransanci kaka kashi ne.

Na jima ina kallon rufin kwano.
Shekara sittin da wani abu a Tawa,
na binne miji, na aurar da shida,
ban san haka nake a bakin wasu ba.
Dariya ta zo mini, na haɗiye ta,
don yarinyar ba wasa take ba.

Na ce, tashi zaune.
Kowane baki da nasa kwandon,
wani na albasa, wani na taki,
kuma ba taki, ba albasar Galmi.
Ki koyi nasu duka biyun, ki ƙaro na uku in akwai,
uban naki gumi yake biya.
Amma in kin shigo zauren nan
sunana na nan inda kika bar shi.

Da safe ta hau babur, ta juyo,
ta ce orabuwar, ta ce bai-bai,
injin ya tashi, sun kusa kwanar masallaci,
sai na ji ta ƙwala da iyakar muryarta,
har mai shayi ya waiwayo:
Kaka! A rage mini ƙanzo!