Sha Huɗu

Daren hutuna tilo a Sheffield,
yayyafi na ƙwanƙwasa taga,
na kwance cikin kwamfuta a kan tebur.

Kamfani ya yanka wa sandar RAM gudunta:
dubu uku da ɗari biyu.
Na ce da saura.
Na ƙara mata wuta kaɗan, kamar gishiri a miya,
na matse jinkirinta daga sha shida zuwa sha huɗu.

Allo ya yi shuɗi.
Na zare ɗan batirin nan mai kama da sulai,
na ƙirga talatin, na mayar.

Lantana ta leƙo, bargo a kafaɗa:
"Tanimu, me za ka samu?"
Na ce, ƙiftawar ido da aka raba gida miliyan.
"Allah ya ba da sa'a." Ta ja ƙofa.

Awa huɗu gwaji na tafiya sumul.
Gab da asuba sai jan layi.
Kuskure ɗaya tak.

Na daɗe ina kallonsa.
Wata bakwai ke nan
ina tuƙa bas da rana, ina jidar kwali a sito da dare.
Jiya na kira ɗiyata da sunan wata tasha.

Na mayar da shi sha shida.
Fanka ta sauke numfashi.