Abin da Awo Bai Faɗa Ba

Shekara ashirin ina awon mutane a Ƙofar Guga,
kafaɗa, ƙirji, tsawon hannu,
tef a wuyana kamar carbi.
Wannan makon ni aka auna.

Ranar Litinin na je karɓar maganina,
kwalbar da ke kwana a gwangwanin maɓallai,
can ƙarƙashin zare, inda yaran shago ba sa taɓawa.
Sista Indo ta rufe fayil, ta ce, dakata, Bishir.
Kana tari? A'a.
Zazzaɓi? A'a.
Gumin dare, irin mai jiƙa matashi?
Sai dai in an ɗauke wuta.
Ta murmusa. Rama fa?
Na ce wandon nan bara na ɗinka shi,
har yau bai nemi a rage masa ƙugu ba.

To me za a bincika a jikin da bai kai ƙara ba?

Ta ce akwai tarin fuka mai barci.
Ba ya tari, ba ya kama na kusa.
Yana kwance a huhu
kamar gaiwa cikin busasshen taɓo,
ta naɗe, ta yi shiru, tana jiran ruwan fari.
Ga wanda ƙanjamau ta taɓa wa garkuwa, in ji ta,
damina kan sauka da wuri.

Allurarta ba ta kai ta kekena kauri ba.
Ta ɗaga fatar hannuna kaɗan,
ta bar tudu kamar ƙwayar dawa,
ta kewaye shi da biro.
Kar ka sosa, kar ka shafa mai.
Alhamis ka dawo.

Kwana uku ina taka keke, idona na kan da'irar.
Na karkace wuyan rigar wani malamin makaranta,
na farke, na sake.
Da dare Murja ta haska da fitilar waya,
ta ce kamar ya tashi,
ta ce a'a, inuwa ce.
Ni kuwa Yaya Sanusi nake tunawa,
ɗaki guda, tabarma guda, taga a toshe da tsumma,
tarinsa yana ƙirga mana dare
har daren da muka farka saboda shiru.
Iskar da ya fitar, ina ta tafi
in ba cikina ba?

Alhamis.
Ba ta kula jan wurin ba, taurin take nema.
Ta rufe ido, ta bi da kan yatsa
yadda nake gane shadda daga jabu.
Ta ɗora 'yar rula.
Milimita uku.
Da ya kai biyar, da mun ce yana nan.

Na miƙe ina hamdala, ina neman hulata.
Ta ce zauna tukuna.
Gwajin nan ba ɓarawon yake tambaya ba,
masu gadi yake tambaya: kun taɓa ganinsa?
Naka masu gadin sun sha wuya, sun ragu.
Mai gadin da ya galabaita
ko ya ga ƙeyar ɓarawo, ba lalle ya yi ihu ba.
Shirunsu ba rantsuwa ba ce.

Aka ɗauki hoton ƙirjina.
Na ga haƙarƙarina a jere, fari kan baƙi,
ɗinkin da ba ni na yi ba, ba kuma zan iya ba.
Fes, in ji likita.
Duk da haka ta ƙara mini kwalba ta biyu,
ƙwaya guda kullum, wata shida,
don in gaiwar na nan, ta mutu cikin barcinta.

A Keke Napep, wajen Ƙofar Soro, na so in yi fushi.
Magani don cutar da ba a gani ba?
Sai na tuna, in uwa ta kawo ɗanta awo,
nakan rubuta abin da tef ya ce,
sannan in ninke inci guda a cikin kalmasa,
ba ta sani ba, yaron bai sani ba.

Gwangwanin maɓallai ya cika.
Na kwashe maɓallan, na zuba su a kofi.