Laraba, Bayan Tara

Ni ne mai zana jadawali a makarantarmu,
nan bayan Farin Gada, inda motocin kabeji ke juyawa.
Ni ke raba mako gida-gida kamar mai rabon gado,
kowa ya karɓi nasa yana gunaguni.

Ran Litinin takarda ta iso da hatimi biyu:
a ƙara kwamfuta, a ƙara koyon kasuwanci,
a ƙara wani darasi mai dogon suna
wanda ni kaina sai da na karanta sau uku.
Duka dole ne.
Amma ba a ƙara wa rana ko minti ɗaya ba.

Na tsaya gaban allo.
Lissafi ba ya taɓuwa.
Turanci ya miƙe ƙafa a gida biyar.
Sai can wani lungu, Laraba bayan tara,
inda aka rubuta Kiɗa da guntun alli,
ba shi da jarrabawar dole, ba shi da uwa a gindin murhu.
Katanga, ta inda ta fi gajarta ake haura ta.
Shafa ɗaya na yi.
Ƙurar ta sauka a kan takalmina.

Malam Dalyop bai ja da ni ba.
Shekara goma sha tara yana wannan ɗakin,
abin da ya tambaya kawai:
"To ina zan ajiye kundung?"
Mu biyu muka ɗauke ta, ƙahonninta na karo da juna,
sai kalangu biyu, sarewa goma sha ɗaya,
da bigila mai lotsattsen baki.
Muka jera su a sito, kusa da bokitai
da kujerun da suka rasa ƙafa.

Abin da takardar ba ta sani ba:
akwai Nafi'u ɗan Gangare, mai i'ina,
wanda sunansa ma sai ya hau shi kamar dutse,
amma in aka ba shi baiti
sai ya wuce sumul, kamar ruwan Dilimi da damina.
Akwai Kachollom daga Anguwar Rukuba
da ke riƙe masa amo da sanda biyu.
Iyayensu ba sa taka unguwar juna bayan magariba.
Su kuwa minti arba'in a mako
numfashi ɗaya suke ja kafin su fara.
Wane darasin zaman tare ne zai koyar da wannan daga littafi?

Kada a ce ina gaba da kwamfuta.
'Yata ma tana bukatarta, ni ma haka.
Guda goma sha biyu aka kawo, suna nan cikin leda,
muna jiran wuta yau mako na shida.
Yara na zana madannai a littafi da biro.
Larabar da ta wuce na leƙa ta taga,
sanyi ya sa kowa ya cusa hannu a rigar sanyi,
ban da Nafi'u:
yatsunsa na bin zanen madannan nan,
ba harafi yake nema ba,
na gane bugun tun daga bakin ƙofa.

Daren nan na baje mako a kan tabarma ina ƙirga.
Taron safe minti ashirin da biyar ne,
rabinsa faɗa a kan safa da aski.
In an rage takwas kullum,
takwas sau biyar, arba'in.
Lissafin da ba ya taɓuwa shi ya ba ni amsa.

Gobe zan shiga ofishin shugaba da takardata.
Mai yiwuwa ta ce in bari sai zango mai zuwa,
mai yiwuwa ta ce wa ya aike ni.
Da fensir na rubuta, na sani.
Amma na aika wa Malam Dalyop saƙo:
ya rataye kalangun sama,
akwai ɓera a siton.