Kwat ɗin Aro

A Da Nang, bayan shagon taliyar uwarta,
Tuyet ta sa kwat ɗin aro, hannunsa ya haɗiye nata.
Ƙaninta Khoa ya ɗaga waya:
"Matsa hagu, tukunya ta shigo hoton."

Shafin ya ce: faɗi ko ke wace ce.
Ta rubuta layi uku, ta goge biyu.
Yabon kai jahilci ne, ta sani,
amma ƙofa ba ta jin sallamar zuci.

Sai ta sa gadar kwali da ta gina a aji uku,
wadda ta ɗauki bulo tara kafin ta durƙushe.

Akwai injiniya Diep, mai lacca kan ambaliya.
"Ba ki san ni ba.
Ni ce mai tambaya daga kujerar baya."
Yatsa na rawa, ta aika.

Kwana shida, ruwa kaɗai ke magana a kan rufi.
Ran na bakwai tana yanka albasa
wayar ta motsa:
"Na tuna ki. Bulo na goma fa, me ya faru?"

Ta share hannu,
ta zauna bisa buhun shinkafa,
ta fara ba da labarin rushewar.