Uwar Adashi Tana Tambaya

Ni ce uwar adashin layinmu a Kurna,
shekara goma sha ɗaya littafin yana hannuna.
Ba na runtsawa sai lissafi ya zauna.
Ɗari biyu ta taɓa ɓace mini cikin azumi,
na kwance ɗankwali, na zazzage matashin kai,
na same ta a bakin zane,
na rubuta, sannan na yi sahur.

Ran Talata aka ce minista na tafe,
zai buɗe mana rijiyar burtsatse.
Tun hantsi aka datse titi.
Barira ta tsaya da roba a ka har awara ta huce,
ƙanena Isiyaku ya kashe adaidaita sahunsa,
ya ce mai ya fi ƙarfin a sha shi a tsaye.
Ni kuwa, hali zanen dutse,
sai na hau ƙirge.

Mota goma sha bakwai, baƙaƙe wuluk,
gilashi a rufe ruf.
Ta ƙarshen babu kowa a ciki
sai direba da katan-katan na ruwan roba.

Ya sauko, ya yanke ƙyalle, ya kurɓa a kofi,
aka tafa, har da ni.
Minti ashirin da biyu, na duba waya.
Kafin la'asar jirginsa ya bi ta kan rufinmu,
kwanukan kan kanta suna rawa.

Ranka ya daɗe, kujera nawa aka saya a jirgin?
Su wa suka zauna?
Ɗaki nawa aka kama a otal,
kwana nawa aka rubuta wa tafiyar da ba ta ga magariba ba?
Lita nawa baƙaƙen nan suka sha?
Ban ce an ci ba,
zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.
Cewa na yi a karanto.

Maƙwabcinmu Namadi, tsohon akawu,
ya ce, "Tasalla, ai ana rubutawa.
Akwai takarda mai hatimi uku,
tana kwance a durowa, durowar na da makulli."
Na ce, "Malam Namadi,
da zan rufe nawa littafin a akwati,
in ce wa matan layi ku kwantar da hankalinku, an rubuta,
wa zai ƙara miƙo mini ko sisi?"
Ya yi dariya, ya gyara hula, bai amsa ba.

Ai mu ma muna zubi.
Tikitin da Isiyaku ke yanka kowace safiya zubi ne,
kuɗin rumfar Barira zubi ne,
abin da ake tsakura a katin waya, shi ma.
Ba mu taɓa fashi ba.
Ba ɗauka muke nema ba yanzu,
a dai buɗe shafin mu leƙa.
Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Kwana tara famfon ya yi yana zuba,
a na goma ya yi tari ya yi shiru.
Mai gyara ya leƙa, ya ce dubu tamanin da biyar.
Muka bi gida-gida.
Gwamma dubu biyu, Lantana ɗari biyar da alƙawari,
Namadi dubu uku cikin fanshonsa,
wani ya ba da dubu ya ce kar a faɗi sunansa,
na rubuta "bawan Allah", amma kuɗin na faɗa.
Bayan isha na zauna bakin famfo da tocila,
na karanta wa kowa, har canjin naira hamsin.

A ƙarshen littafin na bar shafi guda.
Na ja layi da jan biro,
na rubuta a sama: Zuwan minista, Talata.
Mota goma sha bakwai.
Minti ashirin da biyu.
Gurbin kuɗin ne babu komai.
Jiya jikata ta so ta yage shi ta ƙunsa gyaɗa,
na ce ajiye, akwai mai shi.