Ra'ayin Mai Gyaran Rediyo

Shagona na bayan tsohuwar tashar jirgi, Ƙaura Namoda,
inda layin dogo ya ƙare, ciyawa ta ci gaba da tafiya.
Ina gyaran rediyo da fanka, a biya ni.
Ra'ayi kuwa kyauta nake bayarwa, ko ba a tambaya ba.

Kawu Nomau ya bar akwatin faifai talatin da bakwai,
'yan'uwa suka leƙa suka ce, "Ɗauka, ba mu ja."
Gona ta tafi ga wasu. Ni na sami jaz.

Mai koren bango shi ne babbansu.
Gefen farko gaisuwa ce kawai, ina kwana, ina gajiya.
Juya shi ka ji magana:
mai busa ya kama hanya, ya yar da ita, ya shiga daji
kamar tunkiyar da ta kwance ranar kasuwa,
sai da magariba ga shi ya shigo gida
daidai kan bugun da ya bari.
Sahabi mai shayi ya ce kiɗan mahaukata ne.
Sahabi cokali shida na sukari yake zubawa a kofi ɗaya,
ba a shawara da irinsa.

Rok kuwa, a ba ni faifansu na farko,
lokacin da suke da yunwa da bashin haya,
jita tana kuka kamar injin niƙa ya haɗiye tsakuwa.
Na huɗu? Sun ƙoshi.
Ka ji ƙoshin a cikin ganga, ta yi laushi kamar tuwon jiya.
Ban yafe musu ba, su kuma ba su san ina duniya ba.

'Yata Kuluwa tana son katun na kwamfuta,
masu sheƙi kamar an shafe su da man shanu.
Na ce mata na dā da hannu aka zana,
wani ya zauna ya zana kurege sau ɗari
don kawai ya ɗaga gira sau ɗaya.
Mota ta bi ta kansa, ya zama tabarma,
ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya ci gaba da neman gyaɗa.
Ta ce, "Baba, ba kala sosai."
Na ce ki bari ki girma.
Ta ce ni ma in bari in girma.

Daren Asabar a gidan kallon Ɗan'ige, resilin.
Kowane mako sai wani ya matso kunnena:
"Ka san fa shiri ne?"
Na sani tun kafin a yaye ka.
Na ga dambe na gaskiya a Gusau bayan kaka,
haƙorin Lawali har yau bai dawo ba.
Nan kuwa ƙato biyu sun yi alkawari a bayan labule
cewa za su ƙi juna, kuma ba wanda zai karye.
Mai baƙin abin rufe fuska ya fi kowa iya faɗuwa.
Shekara uku ina kallonsa, bai taɓa ɗaukar kambu ba,
amma in ya faɗi, benci duka sai ya ce wash.
A wurina shi ne gwani.
Alƙalin wasan dai makaho ne, wannan kam ba shiri ba ne.

Jiya aka ɗauke wuta ana tsakiyar busa.
Faifai ya yi ta jan ƙafa, murya ta yi kauri, ta tsaya.
Daga rumfar shayi na ji wani yana ƙarasa ta da fito,
bai kuskure ko ɗaya ba.
Na leƙa.
Sahabi ya ce shi tari ya yi.