Fansho Bai Zo Ba

Shekara talatin da biyar ina riƙe da alli,
ban san kwana nawa kaza ke kwanci ba.
Na dawo Kumo da akwati biyu da tabarau,
da takardar fansho mai hatimi uku
wadda ko gishiri ba ta taɓa saya mini ba.

Adda Dudu ce, ta bayan katangata,
ta leƙo ina zubar da ruwan alwala a rariya.
Ta ce, "Malam Jibo, kai da wa kake gaba?
Ga zogale na kallonka da ƙishi,
ka ba kwata ta sha?"

Ranar na koma aji ɗaya.

Ta ce buhun siminti da ya yage ba shara ba ne:
cika shi da ƙasa da kashin awaki,
huda gindinsa, jingine shi da bango,
zai ba ka alayyafo, zai ba ka tattasai,
bai tambayi takardar fili ba.

Tokar murhu kada ta kwana a juji.
Rabi ga wake, rabi ga gindin kabewa.
In kuwa jarka za ka zuba waken,
cika ta har wuya, toshe bakin da leda,
ka manta da ita kamar bashin gwamnati.

Ban manta ba. Na buɗe sau uku ina dubawa.
Ƙwari suka shiga suka yi biki,
ta yi dariya har ta riƙe ƙugu.

Tumatir ran da ya faɗi a kasuwa,
kwando ya koma kuɗin goro,
ran nan ake saye, a yanka, a shanya a kan kwano.
Kuɓewa ma haka, yakuwa ma haka.
Miyar bazara da kaka ake dafa ta.

Zangarniyar da ta fi kowace cika
ba ta tuwo ba ce.
Rataye ta a madafa inda hayaƙi ke bi,
ita ce gonarka ta baɗi.

Kan indararo a sa randa, ba kunya.
Murhu a yi masa kumatu da laka,
ice uku ya yi aikin bakwai.
Harawa a ɗaure ta tun tana kore,
a ɗora a rufi kafin akuya ta gani.
Akuyar kuwa, in ji ta, banki ce
da ba ta cewa layi ya ɗauke.

Na ce, "Adda, da me zan biya?"
Ta turo mini jikanta Hammadi da littafi,
na koya masa baƙi da wasali,
ya koya mini kama ɗan tsako ba tare da uwar ta tsage ni ba.

Wata goma sha huɗu.
Ranar da saƙon kuɗin ya shigo,
wayar na aljihun riga a kan igiya,
ni ina bayan gida, gwiwa a ƙasa,
ina tonon dankali da Hammadi.
Sai bayan la'asar na gani.

Na wanke hannu a gindin zogale,
na zaɓi manya guda shida,
na miƙa ta kan katanga.